Gurbin Suna a Asibitin Gafasa

Zunnuraini bai yarda da ma'aikatan asibiti ba, kuma yana da dalilinsa. Da wata ƙungiya ta ba shi aikin rubuta manhajar shigar da haihuwa da mutuwa a ƙananan asibitocin Gaya da Ajingi, ya fara leƙa tsofaffin takardunsu, sai da kansa ya sara. Inda aka ce suna, wani ya rubuta "yaro", wani ya ja layi ya wuce abinsa. Kwamfutocin duk sun kwana biyu, don haka ya yi manhajar a baƙin allon nan mai rubutu zalla, ya ɗaure kowane gurbi da tasa ƙa'idar. Shekaru sai lamba. Mazaɓa sai wadda ke cikin jeri. A gurbin suna ya fi tsanantawa: ba a tsallake shi, ba ya karɓar "jariri" ko "babu", sai dai ya maido ka baya da jan rubutu. Ranar da ya gama, har tsire ya saya wa kansa.

Ba banza ya dage ba. Ƙungiyar ta yi alkawarin ƙwararriyar ungozoma da motar ɗaukar masu naƙuda ga mazaɓar da jarirai suka fi mutuwa, shi kuwa ya san Gafasa ce. Can ƙanwarsa Batula take aure. Ta binne biyu, ga cikin na uku.

Da sakamako ya fito bayan damina, wata mazaɓa aka ba. Gafasa kuwa, wai ko jariri ɗaya bai mutu ba.

Ya hau babur ransa a ɓace ya nufi Gafasa, ya sami Hanne, ma'aikaciyar da ke riƙe da asibitin ita kaɗai, tana wanke almakashi.

"Anti Hanne, ina waɗanda suka mutu?"

"Suna maƙabarta. Injin naka ne ya ƙi su." Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Yaron da ya koma kafin ranar suna, wa ya san sunansa? Uban ya raɗa masa a kunne, ya ja bakinsa ya yi shiru. Uwar na kwance tana kuka, in tsaya mata a ka in ce ya sunansa? Na sa jariri ya ƙi, na tsallake ya ƙi. Ƙarya zan ƙirƙira wa gawa?"

"Ai da kin kira ni."

"Na kira ka. Ka ce mu daina lalaci."

Haka ya ce kuwa. Ya jawo kwamfutar ya buɗe.

Gyaran layi ɗaya ne: in yaro bai kai ranar suna ba, a bar gurbin haka nan. Kafin Hanne ta shanya almakashinta ya gama, kuma sauƙin abin ya fi komai ƙona masa rai. Washegari ya je wurin Goni, jami'in ƙungiyar, ya yi masa bayani. Goni ya saurara da tausayi, ya ce mota ta riga ta tafi, ungozoma ta kama aiki, sai dai wani zagayen. Su biyun sun san babu wani zagaye.

Naƙudar Batula ta zo da gardama lokacin girbin dawa. Kafin a samo mota a kai ta Gaya, yaron ya galabaita. Kwana biyu ya yi a duniya.

Bayan an dawo daga maƙabarta Zunnuraini ya biya asibiti. Hanne ba ta shigar da rasuwar ba, ta ce ta kasa. Ya ja kujera ya zauna gaban baƙin allon. Uwa, ya rubuta Batula. Mazaɓa, Gafasa. Da ya zo gurbin suna ya daɗe yana kallonsa, don shi ma bai sani ba, kuma bai iya tambayar uban ba. Ya danna ya wuce.

Manhajar ba ta yi gardama ba. Koren rubutu ya fito, an adana.