Ranar da Aka Jona Na'urar Ma'azu

Tun da gero ya fara fitar da kai, babu wata hira a shagon Ma'azu sai ta sabon wasan ƙwallon da za a fitar bana. Shagon ɗaki ɗaya ne a bayan tashar Tibiri: benci biyu, talabijin, da na'urar wasa guda da Ma'azu ya sayo ta hannu a Kamba. Masu layi su buga, sauran su zauna su yi gardama.

Is'haƙa, ƙanen Ma'azu, shi ne mai kawo labari. Kullum kansa na cikin waya, yana karanto abin da masoya wasan suke rubutawa da Faransanci yana fassara wa mutane.

"An ce bana in ana ruwa, ƙwallo na tsayawa cikin taɓo," in ji shi. "An ce gola na iya karya yatsa. An ce har ƴan wasanmu na ƙasa za su saka."

"Wa yac ce?" Ma'azu ya tambaya, yana goge manet, abin da ake riƙewa a buga wasan, da tsumma.

"Kowa na faɗi, Yaya."

"Kowa ɗin nan bara ma ya faɗi."

Aka yi dariya. Is'haƙa bai ji daɗi ba, amma ya ci gaba. Babban labarin, a cewarsa, shi ne duk wanda ya jona na'urarsa da intanet kafin Juma'a ta wuce za a ba shi ɗanɗanon sabon wasan kyauta, tun kafin ya shiga kasuwa.

Ma'azu ya ajiye tsumman. "Wagga na'ura ba ta shiga intanet. Ka sani."

Kowa a shagon ya sani. Wani mai gyara ne a Kamba, Ɗanmalam, ya buɗe ta ya zuba mata wasanni. Da ta sha intanet za ta sabunta kanta ta rufe, wasannin su kulle. Kuma abin da ke cikinta ba ya sayuwa. Ma'azu ya yi shekaru yana gyara tsohon wasan da hannunsa: ya goge ƙungiyoyin Turai ya sa Tibiri, Dumega, Sukukutane da Dutsi, ya yi musu riguna, ya sa wa ƴan wasa sunayen samarin gari da kamanninsu, har da sanƙon mai shayin tasha. A kan wannan ake buga gasar da aka fara tun bayan babbar salla. Saura wasan ƙarshe, ranar Juma'a bayan la'asar, Tibiri da Dumega.

Ranar Juma'a da safe Ma'azu ya tafi suna a ƙauye, ya bar wa Is'haƙa makulli. Ya dawo bayan an sauko daga masallaci, tare da Abdulwahid, bakaniken babura da ke riƙe wa Dumega manet, wanda ya ɗauko shi a babur. Suka tarar da ƙofar shagon a saye. A ciki Is'haƙa na tsaye shi kaɗai, wayarsa a kan na'urar tana ba ta intanet. Babu fili a talabijin, babu ƙwallo. Wani farin layi ne kawai yake tafiya a hankali, ya wuce rabi.

Ma'azu ya daɗe yana kallon layin.

"Mi ne na wannan?"

"Mizajur ce kawai, Yaya, sabunta kanta take yi. Ita ta nema da kanta. Da ta ƙare sai ɗanɗanon ya..."

"Mi nac ce maka?"

"Mutum nawa sunka rubuta sun samu. Har hoto sunka sa."

"Ka san su? Ka san ubansu? Ka taɓa shan shayi da ɗaya daga cikinsu?" Muryar Ma'azu ba ta tashi ba. "Ni da nike ciyar da kai na ce kar ka yi. Wani da ba ka san ko mutum ne ba ya ce ka yi. Sai ka zaɓi nashi."

"Don shagon na yi. Da mu ne na farko a duk Arewa. Har daga Dutsi sai an zo."

"An zo daga Dumega," in ji Abdulwahid daga bakin ƙofa. "Ga ni. Na rufe garejina na zo in ci ku, ashe kun riga kun ci kanku."

Ma'azu ya nufi bango, ya kama wayar wuta. Is'haƙa ya riƙe masa hannu.

"In ka cire tana tsakiya, na'urar za ta mutu gaba ɗaya."

"Wannan ma a waya ka karanta?"

"A'a. Ga shi nan rubuce a talabijin."

Gaskiya ne, an rubuta a ƙasan layin kada a kashe. Ma'azu ya fizge hannunsa, ya ciro tasa wayar ya kira Ɗanmalam a Kamba, ya buɗe murya kowa ya ji.

"Ta kai ina?" Ɗanmalam ya tambaya.

"Ta kusa ƙarshe."

"To kar ka taɓa. In ka cire, allon ciki ya tafi, da shi da ƙungiyoyinka. In ka bari, suna nan ciki, sai dai ba ka iya buɗe su. Wane wawa ne ya jona ta?"

"Ɗan uwata ne."

"Allah ya ba ka haƙuri."

Ma'azu ya saki wayar wutar. Su uku suka tsaya suna kallon layin yana cika. A waje an fara jin samari suna taruwa, wani na buga galan yana kiran sunan Tibiri. Na'urar ta mutu, ta tashi da kanta. Hotunan wasannin suka fito a jere kamar kullum, sai dai kowanne da ɗan makulli a jikinsa. Is'haƙa ya ɗauki manet ya shiga nema, sama da ƙasa, ya koma ya sake. Babu ɗanɗano. Babu ko sunan sabon wasan.

"Wataƙila sai anjima yake sauka," ya ce a hankali.

"Ajiye min manet."

Ɗanmalam na kan layi har yanzu. Ma'azu ya tambaye shi yaushe zai kawo ta a sake buɗewa.

"Wannan sabon kullen ba a samo kansa ba tukuna. Ko a Kano babu mai buɗe shi."

"Sai yaushe?"

"To, ana cewa wata mai zuwa. Wasu na cewa sai bayan sabuwar shekara. Ana dai faɗi."

Ma'azu ya kashe wayar. Abdulwahid ya buɗe baki zai yi wata tsokanar, ya dubi fuskar Ma'azu, ya fasa.

"Yaya," in ji Is'haƙa, "ni ma na ga wani wuri an ce..."

"In ka sake ce min an ce, yau ba ka kwana gidanmu."

Ya miƙa hannu. Is'haƙa ya ciro makullin shagon daga aljihu ya ba shi. Ma'azu ya zare wayoyin na'urar ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe ta a cikin tsohon zane, ya tura ta ƙarƙashin benci, can ciki inda ƙafa ba ta kaiwa.

"Fita ka faɗa musu," ya ce. "Duk wanda sunansa ke cikin nan, ka dube shi ka faɗa mai. Ka fara da mai shayi, shi ya sayi kofin gasar."

"Za su zage ni."

"Za su zage ka."

Is'haƙa ya tsaya a bakin ƙofa, ya duba wayarsa kamar mai neman wani abu, sannan ya sa ta a aljihu ya fita. Mai galan ya ƙara bugawa da ya gan shi. Daga ciki Ma'azu ya ji bugun ya tsaya.