Ƙanƙarar Afra'u

Wata biyar Afra'u tana jiran wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. Ruwan da ke cikinta, wanda 'yan labo, masu aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ke kira antikor, shi zai kama mata furotin ɗin da take nazari, mai sassauta naɗin zaren da ke ɗauke da gadon iyaye a cikin ƙwayar halitta kamar yadda mace ke warware zare daga mazari. In babu ruwan nan, digirinta sai baɗi. Ga shi da gata kamar ɗan fari: zafi kaɗan sai ya lalata shi.

A Konni ta karɓo shi cikin kular ƙanƙara, za ta wuce Yamai inda take karatu. Tana isa Dogon Dutsi aka yi mata waya cewa jikin mahaifinta, Malam Rabo, ya yi tsanani. Ta sauka ta nemi motar Dogon Kiriya, tana rungume da kular.

Azumi ne, rana kuwa ba ta san na gida ba. Ta gaida tsohon, wanda kwana biyu ko ruwa ya ƙi karɓa, ta ajiye kular a ɗakin uwarta Lantana, gajiya ta kwashe ta.

Hayaniyar yara ce ta tashe ta dab da magariba. Kular tana tsakar gida a buɗe. Lantana ta farfasa ƙanƙarar da taɓarya, ta aika wa kowane gidan maƙwabta rabonsa, don tsaraba ba a cinye ta a gida ɗaya.

"Inna, ina kwalbata?"

"Kwantar da hankalinki, ɗiyata. Na ga abin daraja na, na naɗe miki shi a tsumma tun azahar, na sa cikin akwatin ƙarhe."

Afra'u ta ciro ta. Ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai. Zuciyarta ta tafasa, ta buɗe baki za ta yi faɗa.

Sai ta hangi Malam Rabo an jingine shi da bango, ya riƙe moɗa hannu bibbiyu yana sha, ruwan na bin gemunsa. Ya shanye, ya miƙa a ƙaro.

"Tun daga Konni kika ɗauko mini wanga sanyi?" ya ce.

Ta matse kwalbar a hannu, hawaye suka cika idonta.

"Don kai na kawo, Baba. Ƙara sha."