Saukar Hamasuna Daga Tudun Jifa

Tokuji Hamasuna ya haura shekara sittin, yana zaune shi kaɗai a wani ɗan ɗaki a Amagasaki, dab da layin dogo. Da ƙuruciyarsa mai jifa ne a wani babban kulob na besbol, wasan da ake jefo ƙwallo a doke ta da sanda, sai dai a rukuni na biyu ƙarfinsa ya ƙare. In an ɗaga shi zuwa rukunin farko, ba ya rufa wata ake mayar da shi. Da ya ajiye wasa, kulob ɗin ya riƙe shi yana jefa wa manyan 'yan wasa ƙwallo a wajen atisaye, har kafaɗarsa ta dama ta ce ta gaji. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsu ɗaya tilo, Yoriko, tana aure a Sapporo, takan bugo waya ranar sabuwar shekara. Aikinsa yanzu a wani wuri ne da mutane ke biya su gwada dukan ƙwallo da sanda, shi ne mai tsintar ƙwallaye yana zuba wa injin jifa.

A nan wata matashiya mai suna Chihaya Nagumo ta same shi wata safiya da kaka. Ta rusuna, ta miƙa masa katinta da hannu biyu.

"Hamasuna-san, daga kamfanin wasannin bidiyo nake. Duk shekara muna fitar da wasan besbol. Bana so muke wanda ya gani ya kasa bambance shi da na talabijin."

"To, ni mene ne nawa a ciki? Ko wayata ban gama sanin kanta ba."

"Motsinka muke so mu ɗauka, mu sa wa 'yan wasan da ke cikin na'ura."

Ya dubi tumbinsa, ya dube ta. "Wannan jikin? Ko dai an yi miki kwatancen wani?"

Ta yi dariya, ta ce shi dai aka turo ta nema.

Tun daga ranar, kullum da la'asar sai ya sauka bakin kogi da tawul a hannu, yana wurga shi kamar ƙwallo, yana neman salon jifarsa na da. Kafaɗar tana ƙara, yana cije haƙori. Ya je wajen aski. Ya ciro tsohuwar safar hannunsa ta fata daga ƙasan akwati ya shafa mata mai.

Ranar ɗauka ya hau jirgin ƙasa zuwa Osaka. Aka shigar da shi wani babban ɗaki mara taga, kyamarori zagaye da bango. Aka sa masa baƙar riga mai ɗame jiki, an manna mata fararen ɗigo tun daga kai har ƙafa. Wani saurayi da ke ja masa zif ya ce, "Kawu, ɗan ja numfashi ciki." Hamasuna ya ce, "Ai tun da na shigo nake riƙe da shi." Ɗakin ya ɗauki dariya. Rabon da ya faɗi magana mutane su yi dariya har ya manta.

Ya hau tudun katakon da suka yi masa, irin tudun da mai jifa ke tsayawa a kai a fili, ya yi jifa da iyakar ƙarfinsa. Ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Nagumo ta matso a hankali.

"Hamasuna-san, kada ka wahalar da kafaɗarka. Jifar mun riga mun ɗauka wurin wasu 'yan jami'a."

Ya tsaya da ƙwallo a hannu. "To me zan yi muku?"

"Abin da ke tsakanin jifa da jifa. Share gumi, shurin ƙasa, girgiza wa mai cafkar ƙwallo kai in ba ka yarda da alamarsa ba. Samarin in sun yi, sai ka ga kwaikwayo suke."

Ya share gumi, ya shuri ƙasar da babu ita, ya girgiza wa bango kai. A ƙarshe ta ce saura abu ɗaya.

"Ka ƙaddara an doke ƙwallonka ta fice daga fili, koci ya zo ya karɓe ta daga hannunka. Sai ka sauko ka koma benci."

Wannan kam bai buƙaci ƙaddarawa ba. Ya miƙa wa saurayin nan ƙwallon ba tare da ya dube shi ba, ya janyo hula ta rufe masa ido, ya maƙale safar a hammata, ya dafa ƙugu da hannun hagu, ya taho yana jan ƙafa. Da ya iso inda layi yake a fili na gaske, sai ya ɗan ɗaga ƙafa ya tsallake. Wani cikin masu na'urori ya tambaya ko za a maimaita, Nagumo ta ce a'a, ya isa.

Suka ci abincin rana tare, shinkafa da soyayyen kifi a 'yan akwatuna. Hamasuna ya ɓarke da labari: motocin rukuni na biyu masu warin takalmi, filayen ƙauye da akan kori kare kafin a fara wasa. Da farko suna dariya, daga baya ɗaya bayan ɗaya suka koma kan wayoyinsu. Nagumo ta raka shi har bakin lif, ta yi ta godiya. Ya so ya ce in akwai wani aikin a kira shi, ƙofar ta riga shi rufewa.

Ba wanda ya sake kiransa. Da bazara ta shigo, wasan ya iso masa ta gidan waya. Ya sayi na'urar buga wasan ta gwanjo a wani shago, mai shagon ya zana masa a takarda wace waya ke shiga wane rami.

Abin ya ba shi mamaki. Inuwar rumfar 'yan kallo tana rarrafowa cikin fili yayin da rana ke yin ƙasa. In aka yi yayyafi, ƙwallo kan suɓuce wa mai jifa. Wanda ya zame a ƙasa, wandonsa da datti zai ƙare wasan. Hamasuna ya zaɓi wani dogon matashi, ya yi ta jefa ƙwallo ta tsakiya da gangan, ana ta dukanta, har kocin cikin na'ura ya fito. Matashin ya miƙa ƙwallo, ya ja hula, ya dafa ƙugu da hannun hagu, ya tsallake layi. Hamasuna ya ajiye rimot a kan tabarma. Ya canza kulob, ya sake. Kowane mai jifa, babba da ƙarami, ɗan gida da baƙo, in aka cire shi, tafiyar nan yake yi.

Ya kira Yoriko ya gaya mata.

"Kai, Baba, madalla! Wato fuskarka ce a ciki?"

"A'a, tafiyar dai."

"Tafiya?" Ya jiyo ruwa na zuba da hayaniyar gida. "Baba, tukunya na kan wuta. Kana dai shan maganinka ko?"

Ya ce yana sha.

A wasan akwai wani sashe da mutum zai ƙirƙiri ɗan wasansa ya raine shi tun daga tushe. Ya ƙirƙira, ya sa masa sunansa. Bayan kowane wasa sai rubutu ya fito: abokan wasanka suna gayyatarka cin taliya, za ka je? Kullum "I" yake dannawa. Sai a nuna samari a jere a kan dogon teburi suna kai loma, shi kuma ya zuba ruwan zafi a tasa taliyar ta kofi, ya ci yana kallonsu.

Wata Lahadi da rana wayarsa ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Wata kakkaurar murya ta ce, "Toku, ashe har yanzu ba ka koyi tafiya ba?"

Mutum ɗaya ne a duniya ke yi masa magana haka: Shinpei Oguri, mai cafkarsa a rukuni na biyu, wanda ya koma garinsu a Miyazaki tun suna da baƙin gashi.

"Shin! Kana raye?"

"Rabi da rabi. Ciwon suga ya cinye min ƙafa ɗaya, ina kan keke. Mijin 'yata ne ke buga wasan nan a falo, ina gyangyaɗi, na buɗe ido na ga wani ƙato yana saukowa daga tudu. Na ce, wannan ɗuwawun da ke tafiya kamar an yi masa mutuwa na Toku ne. Ai na ga tafiyar nan ta bayan ƙarfen kare fuska har na ƙoshi."

"Laifin wa? Wa yake ba ni alamar banza?"

"In ce ƙasa ka jefa sama! Yaron ne ya nemo sunanka cikin jerin sunayen da ke ƙarshen wasan, ƙanana kamar ƙwayar riɗi, muka yi ta cigiya har muka samu lambarka."

Suka yi dariya har tari ya sarƙe Oguri. Daga nan ya shiga lissafo masa waɗanda suka mutu a cikin abokan wasansu, Hamasuna yana cewa "Haba!" kan kowane suna.

"Ka zo Miyazaki," in ji Oguri. "Akwai kaza gasasshiya, akwai barasar dankali. Ni an hana ni, sai in kalle ka kana sha."

"Zan zo da kaka."

Bai je da kaka ba. Sukan yi waya wasu Lahadin, su zagi juna, su ajiye.

Shekara ta zagayo, sabon wasa ya fito. Hamasuna ya tsaya gaban babban allon wani shagon kayan lantarki yana kallon tallarsa. Bana, in ji tallar, kowane ɗan wasa da irin tafiyarsa, an ɗauko ta daga hotunansa na gaske. Aka nuna wani mai jifa an cire shi, ya sauko da ɗan gudunsa, kai a ɗage. Hamasuna ya ciro waya don ya ba Oguri labari, ya san zagin da zai sha. Mijin 'yar ne ya ɗauka.

"Hamasuna-san, Baba yana asibiti tun makon jiya. Magana tana yi masa wuya yanzu. Amma yana gane mutane."

Washegari ya nemi hutu wurin mai gidansa, ya haɗa kaya a ƙaramar jaka, ya nufi tashar jirgin ruwa ta Kobe, ya shiga jirgin Miyazaki. Yawancin fasinjojin direbobin manyan motoci ne, sun san juna, suna ta zolaya a ɗakin cin abinci tun jirgin bai tashi ba. Ya ɗauki farantinsa ya zauna can ƙarshen teburi kusa da taga. Wani direba mai tawul a wuya ya turo masa kwalbar miya.

"Kawu, aiki ko yawon buɗe ido?"

"Wajen abokina za ni," in ji Hamasuna.

Direban ya gyaɗa kai ya koma cikin hirar 'yan'uwansa. Jirgin ya yi ƙugi, ya fara ja da baya daga gaɓa. Hamasuna ya ci gaba da cin shinkafarsa.