Awa Huɗun Baba Iliassou

Mu uku muka taru kafin muka iya sauko da Baba Iliassou daga kan zem ɗin: ni, da 'yarsa Hafsatou, da mai babur ɗin kansa, wanda ke ta rantsuwa cewa tsohon ne ya tsayar da shi a ƙofar gida ya ce tasha za a kai shi, shi bai san mara lafiya ya ɗauko ba. Ƙafafun Baba sun kumbura har takalmi ya ƙi fita. Bakinsa kuwa lafiya lau.

"Daouda," ya ce da ni muna kwantar da shi a zaure, "sau biyu na karanta bangon nan. Babu sunana."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa a Zongon Parakou, shekara goma sha tara. Ni mai yankan tikiti ne a tasha, aikin da na karɓa na wata uku kafin in samu na kirki, ga shi yanzu furfura ta same ni a kansa. Saboda haka na san bangon da yake nufi. Sandika, wato ƙungiyar direbobi, ta gina sabon biro, ofishinta na tasha, sai sakatare Abdoulrahim ya sa mai fenti ya rubuta sunayen tsofaffin shugabanni a jikin bango, don yaran yanzu su san ba daga sama tashar ta faɗo ba.

Da can direbobin hanyar Djougou kujerarsu daban ce a sandika. Duk shekara uku su zaɓi delege, wakilin da ke tsara layin lodi, ya raba faɗa, ya je ya tsaya wa wanda aka kama wa mota. Ba takarda, ba akwati. 'Yan takara su tsaya ƙarƙashin mangwaron tasha su ba jama'a baya, duk direba mai permi, wato lasisin tuƙi, ya je ya yi layi a bayan wanda yake so, dattawa biyu su bi suna dafa kafaɗa suna ƙirgawa. Haka aka yi tun 1991 har 2009, lokacin da aka haɗe layin da na Natitingou, kujerar ta mutu ba wanda ya yi mata zaman makoki. Baba Iliassou ya tsaya sau biyar. Huɗu daga ciki ya faɗi, kuma bai taɓa musu ba, har yana ba da labarinsu yana dariya. Na 1997 ne ba a yi masa wasa da shi.

Ranar wata Juma'a ce da hantsi. Aka ƙirga, Baba arba'in da uku, Ɗanbala arba'in da ɗaya. Aka ɗaga Baba sama, aka rataya masa usur, aka damƙa masa makullin biro. Sai Ɗanbala ya ce bai yarda ba, akwai karnukan mota biyu a layin Baba da ba su da permi. Dattawa suka ga za a zare sanduna, suka ce a sake bayan Juma'a. Kafin a sauko daga masallaci motocin mutum biyar na Baba sun cika, fasinja kuwa ba ruwansa da zaɓe, suka tashi. Aka sake layi, Ɗanbala ya ci. Baba ya cire usur ya miƙa. Daga ƙarfe goma zuwa ƙarfe biyu, nan mulkinsa ya tsaya. A bango kuwa an rubuta 1997–2000, Ɗanbala, shi kaɗai.

Abdoulrahim bai yi masa rashin kunya ba. Ya ce gara ta cinye tsofaffin rajista tun kafin ya zo, shi abin da aka gaya masa ya rubuta, amma in Baba ya kawo shaida ɗaya za a gyara.

"Ga shaida nan," in ji Baba, yana nuna ni da haɓa. "Kana tashar ranar."

Ina tashar, gaskiya ne. Ina bayan wani kamiyo mai ɗaukar auduga ina ƙoƙarin sa wata mai sayar da shinkafa da wake dariya. Rachida sunanta, ita ce yanzu matata, wadda ke gaya wa maƙwabta cewa ko tumatir ban iya saye ba. Abin da zan iya rantsuwa a kansa game da ranar nan shi ne ɗankwalinta shuɗi ne. Na gaya wa Baba haka. Ya dube ni yadda yake duban taya mai faci uku, ya juya fuska bango.

Dattawan da suka yi ƙirgar sun rasu. Waɗanda suka tsaya a layi, wasu ƙasa ta rufe su, wasu sun koma Gaya ko Kamba ba a san inda suke ba. Mutum ɗaya ya rage wanda Abdoulrahim ba zai yi wa gardama ba, shi ne Ɗanbala, yana Djougou. Shekara ashirin da bakwai ba abin da ke haɗa shi da Baba sai gaisuwar jana'iza.

Hafsatou ta biyo ni har ƙofar gidana. Ta ce likita ya ce ƙoda ce, su kai shi gida su ba shi abin da ransa ke so. Ta ce tun da ya dawo daga tasha ya ƙi ko ruwa. Ta tambaye ni ko zan iya shiga in ce masa an riga an gyara, kawai. Na so in yi, don ƙarya ta fi tafiyar Djougou sauƙi. Amma na san mutumin: zai sake tsayar da zem ya je ya gani da idonsa, kuma wannan karon ba lalle mu sauko da shi da rai ba.

Washegari na yanka wa kaina tikiti. Na sayar da tikitin Djougou ya fi dubu ɗari, wannan ne zuwana na uku. Na isa gidan Ɗanbala aka ce Alhajin yana ƙauyen Partago, ranar kasuwa ce. Can na same shi zaune kan buhu a rumfar masu doya, yana shafa doya da hannu yana faɗin wadda ta yi ciki, don yanar ido ta rufe masa gani, sai dishi-dishi. Na gaishe shi, na faɗi ko ni wane ne, ya ce ya tuna ni, ni ne yaron da ke ba mutum biyu kujera ɗaya. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Har yanzu yana kan maganar nan?" ya ce. "Yaran nan ba su da permi. Ka je ka gaya masa."

Na ce zan gaya masa in na same shi da rai. Ya ci gaba da shafa doyar. Can ya tambaya ko Baba yana iya tashi salla, na ce a zaune yake yi. Ya tambaya wa ke jinyarsa. Ya tambaya ko har yanzu yana shan shayi ba sukari don a ce shi jarumi ne. Daga nan ya laluba sandarsa, ya ce in sani dubiya zai je, ba shaida ba, kuma gaban mota zai zauna.

Bayan la'asar muka iso Parakou, muka shiga wajen Baba. Baba na kishingiɗe kan katifa, fanka na juyawa a kansa, hoton tsohuwar motarsa 504 na rataye sama da taga. Ɗanbala ya tsaya a bakin ƙofa yana neman inda muryar za ta fito.

"Ka makance," in ji Baba.

"An ce ka kumbura. Da ma can kanka ne kawai."

Hafsatou ta shimfiɗa darduma, ta kawo ruwa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da jiki, kamar waɗanda suka rabu jiya. Sai Baba ya ce in ɗauko alƙalami da takarda. Ba ni da komai sai littafin tikiti, na juya bayansa. Ya ce zai kira mutanen layinsa ɗaya bayan ɗaya, in Ɗanbala na da ja a kan wani ya faɗa.

Ya fara. Awwalu Dogo. Abdulrazak na Kandi. Malam Inoussa mai baƙar mota, wanda ba ya lodi ranar Talata. Duk sunan da ya kira sai ɗayansu ya ce Allah ya jiƙansa, ɗayan ya amsa da amin, ni kuma in ja layi. Wani sunan sai su tsaya su yi gardamar inda motarsa ta taɓa kifewa, ko Bétérou ne ko gaba. Kaɗan ne aka kira ba a bi su da addu'ar ba. A na ashirin da tara Baba ya tsaya. Leɓɓansa na motsi, suna ya ƙi zuwa. Na ga hannunsa na damƙe bakin zanen gado.

"Bayan Gambo akwai ƙanensa," in ji Ɗanbala, yana kallon wajen fanka. "Mai tsinin haƙori. Bayansa Bio na Banikanni."

Baba ya ce ya aka yi ya sani, alhali baya suka ba jama'a.

"Na waiwaya. An hana, amma na waiwaya. Ina so in ga wanda ya ci goron aurena ya je ya tsaya bayanka."

Daga nan shi ya karɓi ƙirgar. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya kira su da laƙabinsu da launin motarsu, har da wanda ya fara tsayawa bayansa sannan ya sulale ya koma. Idon Baba a rufe, amma kansa na gyaɗawa. Da layukana suka kai arba'in da ɗaya sai ya tsaya, ana jin Rachida ta bayan katanga tana faɗa da kaji.

"Saura Mourtala ɗan Fatchima," in ji Ɗanbala, "da Inoussa Ƙarami. Ba su da permi."

"Sun ci jarrabawa ranar Laraba," Baba ya ce, bai buɗe ido ba. "Takardar ce ba ta fito ba."

Ɗanbala ya daɗe yana murza kan sandarsa.

"Na sani," ya ce. "A motata suka koya."

Ban san abin da na zata zai faru ba, ko kuka ko zagi. Ba ko ɗaya. Baba ya tambaye ni nawa ke nan, na ce arba'in da uku. Ya maimaita a hankali, sannan ya ce wa Hafsatou ta ba shi ruwa. Ya sha rabin kofi. Ɗanbala ya ce ai ko a awa huɗun ma abu ɗaya Baba ya yi, ya sa aka ɗauke bencin fasinja daga rana aka kai inuwa. Baba ya ce to, kai da ka yi shekara uku, ka mayar da shi rana? Ɗanbala ya ce nauyi gare shi. Suka yi dariya, ta Baba ta ƙare da tari.

Ɗanbala ya kwana a zaurena, ya ce gobe zai koma, goben ta zo bai koma ba. Ranar Alhamis da hantsi, Hafsatou na fifita koko a kofi, Baba ya ce ta buɗe taga. Kafin ta juyo ya cika. Aka yi masa sutura bayan azahar. Direbobi suka zo da yawa, mafi yawansu ba su san shi yana tuƙi ba. Ni na riƙe wa Ɗanbala hannu har maƙabarta, a can ya tambaye ni ta wane gefe aka sa kan.

Ranar Asabar ya ce in kai shi tasha. Na zaci mota zai shiga, har na yanka masa tikitin gaba. Sai ya ce biro. Ya zauna gaban Abdoulrahim ya ba da labarin a taƙaice, bai rage ba, bai yi wa kansa ado ba. Abdoulrahim ya aika aka kira Moumouni mai fenti. Moumouni ya auna bangon da tafin hannu, ya ce babu wuri, layukan a matse suke, sai dai a shafe layin Alhaji gaba ɗaya a raba shi biyu, kuma haruffan za su ƙanƙance.

"Shafe," in ji Ɗanbala.

Moumouni ya shafa farin fenti, muka jira ya sha iska, sannan ya hau tsani da ƙaramin buroshi. Abdoulrahim ya so a rubuta shekara kawai. Ɗanbala ya ce a'a, a sa awannin, kada gobe wani ya ce shekara ya yi. Aka rubuta: Iliassou, 1997, 10h–14h. A ƙasa, Ɗanbala, 1997–2000.

Ya ce in karanta masa, na karanta. Ya tambaya ko nasa ya fi girma ko da kaɗan. Na ce daidai suke. Ya ce ai ya san Moumouni ba zai yi masa adalci ba.

Motar Djougou ta cika saura kujerar Ɗanbala, direba ya yi ta danna oda, na je na ce a ba wani kujerar. Da na dawo na tarar Ɗanbala ya jawo kujerar roba ya zauna dab da bangon, ya miƙa sandarsa a gicciye. Duk wanda ya zo wucewa, mai kaya a ka ko mai tallan ruwa, sai ya ji sanda ta taɓa masa gwiwa, ya kauce ya bi ta can gefe. Fentin bai bushe ba tukuna.