Daɓen Dada Yelwa

Shekara uku na yi ina tonon wani tsohon kufai a gaɓar kogin Binuwai. Mutane har cewa suke Malam Boaz ya zautu, ya bar koyarwa ya koma tsintar tsingaro. To, tsingaron nan shi ne digirina na dakta. Kwando goma sha bakwai na tara, kowanne da zurfin da na haƙo abin cikinsa: na sama daban, na tsakiya daban, har can ƙasa inda zanen tukwanen ya sauya. Wannan jerin shi ne hujjata kaf. Kufan kuwa ambaliyar bara ta cinye shi, ko alama babu.

A unguwar Limawa nake zaune, gidan Dada Yelwa, tsohuwar Bafulatanar da ta riƙe ni kamar ɗan cikinta. Kullum sai ta yi mita kan ɗakina.

"Ƙasan ɗakin nan duk ya farfashe, bingel am, ɗana. A nan baƙonka na Zariya zai zauna?"

Baƙon shi ne malamin da ke duba aikina, zai zo ya ga kayan da idonsa.

Ana haka aka kira ni Maiduguri kan takardar hutun karatu. Kwana tara ina zaman benci.

Da na dawo, tun daga zaure na ji warin makuba. Kwandunan na tsakar gida, an wanke su tas an kife. Ashe Dada ta tara matan unguwa sun yi mini daɓe. Sun juye tsingaron wuri guda, guntaye masu zane suka jera su a bakin ƙofa, sauran suka bi da madaɓi har suka nutse. Kuma daɓen ya yi kyau, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Na durƙusa. Ga wani guntu mai layi uku, na san shi sarai. Amma daga wane kwando? Na huɗu? Na sha ɗaya? Lambobin da na rubuta a jikinsu ruwa ya wanke.

Dada ta miƙo tafukanta, duk sun yi bororo.

"Kwana huɗu muna bugu," in ji ta. "Ba ka ce komai ba."

Ihu nake so in yi. To wa zan yi wa?

"Useko, Dada," na ce, ina mata godiya da Fillanci.

Ta yi dariya, ta ce in cire takalmi kada in ɓata mata aiki. Na cire. Jibi baƙona zai iso.