Tokar Shiva a Goshin Kamatchi

Seshadri ya jiƙa hankici ya fara goge goshin mahaifiyarsa. Tokar ibada da aka shafa mata ta dame, ta gangaro mata cikin ido. Kwana shida ke nan Kamatchi tana kwance a asibiti, ɓarin jikinta ya shanye.

"Yaya, me ta yi maka?" in ji ƙanwarsa Vedavalli. "Ita ta roƙe ni. Tun asuba na bi layi a haikalin Shiva na karɓo mata."

"Malam Rangachari yana hanya. So kike ya tarar da uwata da tokar Shiva?"

Kamatchi 'yar gidan masu bautar Shiva ce, aka aurar da ita gidan masu bautar Vishnu. Shekara hamsin tana dafa wa Vishnu shinkafa da madara da zuciya ɗaya, amma duk Litinin sai ta ɗan leƙa wurin Shiva. Mijinta ya sani, bai taɓa tankawa ba. Seshadri kuwa so yake mako mai zuwa a zaɓe shi mai jan baƙi a gaban jerin gwanon Vishnu, kuma maganar Rangachari, babban malaminsu, ita ce yankan wuƙa.

"Bar min," in ji tsohuwar da karkataccen baki. "Ta gidan ubana ce."

"Mama, gidan ubanki ya zama kango. Ki mutu a inda kika ci tuwo."

Ya ciro farar ƙasa, ya zana mata alamar Vishnu, yana danne kanta da tafin hannu.

Rangachari ya shigo yana dogara sanda, ya yi addu'a. Kamatchi ta ƙura masa ido, ta buɗe baki da ƙyar.

"Shi... va..."

"Me take cewa?"

"Ruwa take so, Malam." Seshadri ya kafa mata kofi a baki, ya ƙi ɗagawa har sai da ta ƙware, ruwan ya jiƙe matashin. Vedavalli ta fice da gudu.

Da ya raka dattijon bakin matakala, sai Rangachari ya tsaya yana gyara mayafi.

"Kunnena bai mutu ba tukuna, Seshadri. Tawa uwar ma Shiva ta yi ta kira. Da hannuna na shafa mata tokar, na je na yi wanka na koma bakin aikina. Vishnu bai kore ni ba." Ya sauka a hankali. "Amma muryarka tana da kyau. Kai za ka ja mana."

Seshadri ya koma ɗakin, ya tarar ta juya fuska wajen bango.

"Mama, na samu."

Ta ƙara kwana tara a duniya. Takan yi wa Vedavalli magana, da ma'aikaciyar jinya, har da mai shara. Shi dai bai sake jin muryarta ba sai daga bayan ƙofa.