Wanda Ya Kira Daga Yola Gari

Zadok ya jingina gitarsa da bango, ya zauna a ɗaya daga cikin kujeru huɗun da aka jera a ɗakin watsa shirye-shirye. Debbie, mai gabatar da shirin, ta dubi ƙofa.

"Oga, sauran suna hanya?"

"Mu fara kawai," in ji shi.

Su huɗu suka kafa ƙungiyar Ɗakin Baya suna ɗalibai a kwaleji. Kiɗan rok suke yi, irin wanda ake kira imo, mai tsawar gita da waƙoƙin ɓacin rai. Faifai ɗaya suka fitar, wanda suka ɗauka a shagon wani mai gyaran rediyo a Jimeta, da katifu a jikin taga don tare hayaniyar waje. Da gidan rediyon ya gayyace su, Zadok ya kira kowa. Danny mai ganguna ya ce aiki ya riƙe shi a Abuja. Zipporah tana jego a Numan. Suhaib, mawaƙinsu, bai ɗauka ba. Yanzu malamin Islamiyya ne, kuma surukinsa liman ne.

Debbie ta saka waƙar farko. Muryar Suhaib ta cika ɗakin, siririya, tana karyewa a wurin da ta saba karyewa. Zadok ya ba da labarin yadda wuta ta ɗauke a tsakiyar ɗaukar, da yadda 'yan ajinsu suke ce musu masu makoki. Ya yi dariya shi kaɗai.

Aka buɗe layin waya. Wata mata ta nemi a gaishe mata da amarya. Daga nan babu wanda ya kira, har Debbie ta fara laluben abin da za ta ce.

Sai wani ya kira.

"Sunana Bobboyi, daga Yola Gari."

Zadok ya ɗaga kai. Shekaru ya yi yana tsaye a bayan wannan muryar.

"Baƙonku ya yi kuskure," in ji mai kiran. "Ba wuta ce ta ɗauke ba. Mai gita ne ya taka wayar wuta."

Debbie ta yi dariya. "Malam, kai kana wurin ne?"

"A'a. Labari na ji."

Ta dubi Zadok, tana jiran ya musa. Sunan Suhaib yana bakinsa. Ya tuna gidajen Yola Gari, inda rediyon wannan gida ake ji a wancan, ya kuma tuna liman, surukin Suhaib.

"Gaskiyarsa ne," ya ce. "Mun gode, Malam Bobboyi."

"A saka mini ta ƙarshe a faifan, in ba damuwa."

Debbie ta saka. Mai kiran bai kashe wayar ba. A cikin abin sauraron da ke kunnensa Zadok yana jin numfashinsa, da kukan akuya can nesa. Aka kai amshi. Wani ya yi sallama a can ɓangaren, layin ya yanke.

Zadok ya zauna har waƙar ta ƙare.